Ƙofar Jami'a da 'Ya'yan Talakawa a Arewacin Nijeriya

Kowace shekara, in lokacin ba da gurbin karatu a jami'o'in Nijeriya ya kewayo, sai wata tsohuwar gardama ta farfaɗo. Waɗansu su ce bai kamata a sassauta wa kowa ba, a ɗauki wanda ya fi maki, ko daga ina ya fito. Waɗansu kuwa su ce in aka bi wannan, to akwai sassan ƙasar da za su daɗe ba su ga 'ya'yansu a ajin likita ko na injiniya ba. Dukan ɓangarorin biyu idonsu yana bisa ƙofa ne, watau ranar da ake kafa sunayen waɗanda aka ɗauka. Alhali kuwa yawancin 'ya'yan talakawa ba su kan iso bakin ƙofar ba, tun can baya aka tankaɗe su.

Nufin wannan takarda shi ne a bayyana hanyoyin da aka bi a Arewacin Nijeriya don faɗaɗa wannan ƙofa, da yadda kowace hanya take aiki, da inda kowace ta gaza. Daga nan za a duba wani shinge wanda ba a cika ambatonsa cikin gardamar ba, watau harshen da ake koyar da yaro da shi, domin wannan shi ne ya fi shafar malaman kwalejojin horon malamai.

1. Asalin Tazarar

Tazarar da ke tsakanin Arewa da Kudu wajen ilmin boko ta girmi jami'a nesa ba kusa ba. 'Yan mishan sun sauka Badagiri a 1842, suka shiga kafa makarantu, kuma a 1859 aka buɗe makarantar sakandare ta farko a Ikko. Ƙasashen sarakunan Musulunci na Arewa suna da nasu ilmi mai zurfi, na allo da na zaure, amma Gwamnatin Turawa ta taƙaita shigar mishan cikinsu, ita kuma ba ta yi hanzarin kafa nata makarantun ba. Sai a 1909 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka raɗa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Kwalejin Katsina kuwa, wadda aka kafa don horar da malamai, a 1922 aka yi bikin buɗe ta, watau shekara 63 bayan sakandaren Ikko.

Sa'ad da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 da ɗalibai 104, 'yan Arewa da suka isa shiga ba su taka kara sun karya ba. Tazarar ta ƙara faɗi a 1955, lokacin da Gwamnatin Jihar Yamma ta wancan zamani ta mai da karatun firamare kyauta ga kowa. A 1959 aka naɗa wani kwamiti a ƙarƙashin Sir Eric Ashby don ya auna bukatar ƙasar ta ilmi mai zurfi, ya miƙa rahotonsa a 1960, kuma cikin shawarwarinsa akwai kafa jami'a a Arewa. Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ɗalibai 426. Daga cikinsu 147 ne kaɗai 'yan Arewa, watau kimanin sulusi.

Wannan lissafi yana da darasi a cikinsa. Ga jami'a an gina a Samaru, ga malamai, ga ɗakunan gwaje-gwaje, amma mutanen da aka gina ta dominsu ba su cika sharaɗin shiga ba. Dalili kuwa shi ne, bisa tsarin Ingila da aka gada, sai ɗalibi ya ƙara shekara biyu a aji shida bayan ya gama sakandare, ya ci jarrabawa mai zurfi, kafin a karɓe shi. Makarantun Arewa masu aji shida kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai. Ashe gina jami'a kusa da gidan mutum bai isa ya shigar da shi cikinta ba.

2. Hanyar Share Fage

Maganin farko da aka gwada shi ne share fage. A zamanin shugabancin Dokta Ishaya Audu, wanda ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, jami'ar ta buɗe Makarantar Share Fage a cikin harabarta. Maimakon a jira sakandare ta kawo ɗalibin da ya gama aji shida, sai jami'a ta ɗauko shi da takardar gama aji biyar, ta zaunar da shi cikin ɗakunanta, ta ba shi malamai da littattafai da ɗakin gwaje-gwaje, har ya kai matsayin da ake bukata. Da farko waɗansu sun yi suka, suna tsoron kada darajar digiri ta faɗi. Amma kafin jami'ar ta cika shekara goma, ɗalibanta, in an haɗa da na share fage da na difloma, sun wuce 7,000.

Jihohi ma suka kwaikwayi wannan dabara. Jihar Arewa maso Gabas ta kafa kwalejin fasaha da kimiyya a Maiduguri, wadda a kanta aka ɗora Jami'ar Maiduguri a 1975. A 1976 aka fito da jarrabawar IJMB a ƙarƙashin kulawar Jami'ar Ahmadu Bello, don ɗaliban irin waɗannan kwalejoji su sami ma'auni ɗaya. Wanda ya ci ta yakan shiga jami'a daga aji na biyu.

Akwai kuma wata gada makamanciyar wannan da aka ɗora wa masu ilmin Arabiyya. Makarantar Shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta koma Makarantar Ilmin Arabiyya a 1947, ta yaye malamai da alƙalai waɗanda da yawansu suka shiga Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Ta nan ne 'ya'yan malaman zaure, waɗanda ba su bi ta elementare da midil yadda aka saba ba, suka sami digiri.

Abin lura game da share fage shi ne, ba a rage tsawon katanga ba, ɗalibin aka ɗora wa tsani. Wanda ya fito daga share fage jarrabawa ɗaya yake yi da kowa, digiri ɗaya kuma yake karɓa, babu mai iya goranta masa. Amma hanyar tana da tsada, gama tana bukatar ɗakin kwana da abinci da malamai na musamman. Sa'an nan wanda ya riga ya gama sakandare kaɗai take iya taimako. A yau kuma irin waɗannan makarantu kuɗi ake biya kafin a shiga, saboda haka tsanin da aka kafa don marar hali ya koma sai mai hali ke iya hawansa.

3. Hanyar Kaso

Magani na biyu shi ne kaso. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta ƙara sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a guda bakwai, huɗu daga cikinsu a Jos da Kano da Sakkwato da Maiduguri, sauran a Ilori da Kalaba da Fatakwal. A lokacin kowace jami'a ita ke yin jarrabawarta, har ɗalibi ɗaya ya sami gurbi uku, wani kuwa ya rasa ko ɗaya. Don a gyara wannan aka kafa hukumar JAMB a 1978. Shekara guda bayan haka, Tsarin Mulki na 1979 ya shimfiɗa ƙa'idar cewa tilas ne hukumomin Tarayya su ƙunshi mutanen dukan sassan ƙasar. Daga waɗannan biyu ne tsarin kaso ya tsiro.

Ga yadda ƙa'idar take a jami'o'in Tarayya. A ɗauka wani sashe yana da gurbi 100. Gurbi 45 na cancanta ne zalla: a jera masu nema bisa maki, a ɗauka daga sama, ba tare da an dubi jihar kowa ba. Gurbi 35 na 'yan jihohin da aka keɓe wa jami'ar ne a matsayin yankinta. Gurbi 20 da suka rage kuwa na 'yan jihohin da aka lasafta suna baya a ilmin boko ne. Waɗannan jihohi 23 ne: dukan jihohin Arewa 19, da Bayelsa da Ebonyi da Kuros Riba da Ribas. A kashi na biyu da na uku ma bisa maki ake jerawa, sai dai mutum yana takara ne da 'yan rukuninsa kaɗai, don haka yana iya shiga da makin da bai kai na mutum na 45 ba. Duk da haka ba a yafe masa sharaɗin cin darussa biyar a jarrabawar gama sakandare, ba a kuma ɗaukarsa in bai kai mafi ƙanƙantar makin da jami'ar ta yanka ba.

Ba daidai ba ne a ce kaso bai yi amfani ba. Ya sa 'yan sassa dabam-dabam sun zauna aji ɗaya, ya kuma samar wa jihohi da yawa likitoci da lauyoyi da malamai daga cikin 'ya'yansu. Haka nan ba daidai ba ne a yi watsi da kukan wanda ya ci maki mai yawa aka bar shi a gida, aka ɗauki wanda bai kai shi ba. Amma babban aibin tsarin yana wani wuri dabam.

4. Abin da Kaso Ba Ya Aunawa

Kaso jiha yake aunawa, ba ya auna mutum. Abin da yake tambaya shi ne takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Ba ya tambayar makarantar da yaro ya yi, ko sana'ar ubansa, ko uwarsa ta iya karatu.

A ɗauki misalin yara biyu 'yan jiha ɗaya. Na farko ɗan babban ma'aikaci ne, an haife shi a Abuja, ya yi makarantar kuɗi tun daga rainon yara, a gidansu akwai littattafai da kwamfuta, garinsu kuwa sai da salla yake zuwa. Na biyu ɗan manomi ne a ƙauye, ya yi firamaren gwamnati inda malami ɗaya ke riƙe aji biyu, da damina rabin ranarsa a gona take, kuma ranar jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yinta, ita ce ranar da ya fara daɗewa gaban na'urar. A idon kaso waɗannan biyu ɗaya ne, dukansu 'yan jihar da ke baya ne, kuma cikin gurbi 20 ɗin nan bisa maki za a jera su. Ba sai an faɗi wanda zai shiga ba. Sassaucin da aka yi da sunan ɗan manomi ya faɗa hannun wanda ba ya bukatarsa. A ɗaya gefen kuma, ɗan talakan ƙauyen Oyo ko na Anambara, wanda halinsa bai fi na ɗan manomin nan ba, ba shi da rabo cikin gurbi 20 ko kaɗan, don jiharsa ba ta cikin lissafi.

Waɗansu ƙasashe sun gamu da wannan matsala, suka nemi ma'aunin da ya fi kusa da mutum. A Indiya, inda ake keɓe gurabe ga ƙabilu da rukunonin da aka danne, Kotun Ƙoli ta yanke a 1992 cewa a cire mawadatan cikin rukunonin da ake kira na baya daga wannan gata. A Birazil, dokar 2012 ta keɓe rabin guraben jami'o'in Tarayya ga waɗanda suka yi sakandarensu duka a makarantar gwamnati, rabin wannan rabi kuma ga 'ya'yan masu ƙaramin samu. Irin wannan ma'auni ba zai gagara a Nijeriya ba, gama kowace takardar WAEC ko NECO tana ɗauke da sunan makarantar da aka yi jarrabawar. Lalle za a sami masu wayo da za su kai 'ya'yansu makarantar ƙauye a shekarar ƙarshe, amma ana iya toshe wannan ta hanyar ƙidaya shekarun da yaro ya yi a makarantar.

Ko da an gyara kaso haka, akwai waɗanda ba zai taɓa kaiwa gare su ba. A 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin miliyan 20 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, kuma sanannen abu ne cewa mafi yawansu a Arewa suke. Cikinsu akwai almajirai, da 'ya'yan makiyaya waɗanda aka kafa wa hukuma ta musamman a 1989, da 'yan matan da aka cire daga aji. Waɗannan ba su cikin gardamar 45 da 35 da 20, domin ko fom ba su cika ba.

5. Harshe, Rariyar da Ba a Gani

To, waɗanda suka shiga firamare fa, me yake zubar da su a hanya? Dalilai suna da yawa, amma akwai ɗaya wanda yake ratsa dukan darussa. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, maki 400, kuma Turanci tilas ne ga kowa. In ban da takardun harsuna irin su Hausa da Larabci, sauran duka da Turanci ake tambaya. Saboda haka kowace jarrabawa biyu ce a haɗe: ta darasin kansa, da ta harshen da aka yi tambayar da shi. A 2024 kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka fitar da sakamakonsu a ƙasar baki ɗaya ba su kai maki 200 ba. Maki ba ya nuna ko ilmin kimiyya ne yaro ya rasa, ko kuwa tambayar ce bai fahimta ba.

Masana ilmin harshe sun bambanta iri biyu na iya harshe. Akwai harshen hira, na gaisuwa da ciniki da wasa, inda fuska da hannu da abin da ake gani suke taimakon ma'ana. Akwai kuma harshen karatu, inda babu mai taimako sai jimlar da ke kan takarda. Jim Cummins na Kanada ya nuna cewa yaran baƙi sukan kama na farko cikin shekara biyu, amma na biyu yakan ɗauke su shekara biyar zuwa bakwai. Wannan fa a ƙasar da Turanci yake kewaye da yaro ko'ina. Yaron ƙauyen Hausa kuwa ba ya jin Turanci a gida, ko a kasuwa, ko a masallaci, sai a bakin malami ɗaya, wanda shi ma sau da yawa bai ƙware ba. In yaron Bafillace ne ko Babarbare ko Banufe, wataƙila matakinsa biyu ne, daga harshen gida zuwa Hausa, daga Hausa zuwa Turanci.

Wahalar tana farawa tun daga koyon haɗa baƙi. Rubutun Hausa na boko yana bin furuci ƙwarai, ko da yake ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, don haka yaron da ya san baƙaƙe da wasula biyar zai iya karanta kalmar da bai taɓa gani ba, ya kuma gane ta, tun da yana jinta a gida. Rubutun Turanci ba haka yake ba. Kalmomin though da through da tough da cough duk da haruffa huɗu iri ɗaya suka ƙare, amma kowace furucinta dabam. Wanda aka fara koya wa karatu da Turanci an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, sanin yadda alama take zama sauti, da sanin ma'anar sautin. Sa'an nan a sama akwai wani tarkon. Kalmar work, wadda yaro ya haddace da ma'anar aiki, a darasin fiziya tana da ma'ana ƙayyadadda wadda ba ta yi daidai da aikin gona ko na ofis ba. Wanda bai taɓa jin an warware masa irin wannan tunani da harshen da yake tunani da shi ba, abin da ya rage masa sai hadda.

Kowane malamin da ya taɓa zagayen duba ɗalibai masu gwajin koyarwa ya san abin da ke faruwa a aji. Malami ya karanta jimlar Turanci, yara su amsa gaba ɗaya. Ya fassara da Hausa a gurguje, ya rubuta Turancin a allo, su kwafa. Da Hausa suka fahimta amma ba a koya musu rubuta ta ba, da Turanci suke rubutu amma ba su fahimce shi ba. Haka za a yi ta tura su daga aji zuwa aji, har jarrabawar gama sakandare ta tare su.

An taɓa gwada wata hanya, aka kuma auna sakamakonta. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji inda aka koyar da yara dukan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa aka ba shi ƙwararren malami a matsayin darasi. Yaran nan ba su gaza 'yan uwansu a Turanci ba, a sauran darussa kuwa sun fi su. Tsohon tsarin Arewa ma yana da kama da wannan: da Hausa ake karatun elementare a yawancin larduna, a midil a juya zuwa Turanci. Mutanen da suka bi ta nan suka shiga Kwalejin Katsina, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam, ba wanda ya raina Turancinsu ko Hausarsu. Sai dai a tuna su 'yan kaɗan ne, zaɓaɓɓu, a hannun ƙwararrun malamai, don haka misalinsu yana nuna abin da zai yiwu ne kawai in an cika sharuɗɗan.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a wurin, daga baya a juya zuwa Turanci, kuma bugun da suka biyo baya sun sa juyin a aji huɗu. A Nuwamba 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a tsawaita harshen uwa zuwa shekara shida, amma a Nuwamba 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar janye wannan, aka mai da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe. Hujjar da aka bayar ita ce yawan faɗuwa a jarrabawa. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 ko firamare bai gama ba a 2025, balle ya zauna jarrabawar sakandare. Waɗanda suka faɗi 'ya'yan tsarin gauraye ne da aka bayyana a sama. Ko ma wace manufa ke bisa takarda, malamin ƙauye zai ci gaba da bayani da harshen da yara ke ji, gama ba shi da wata dabara. Abin tambaya shi ne ko an horar da shi ya yi haka bisa tsari.

6. Shingen Kuɗi

Wanda ya tsallake dukan waɗannan, saura kuɗi. A ƙa'ida jami'o'in Tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa daga masu neman digiri na farko, amma akwai kuɗin rajista da na ɗaki da abinci da mota da littattafai. Tun a 1978 ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini ya jawo tarzomar ɗalibai, har aka rasa rayuka a Ikko da Zariya. A 2023 jami'o'i da yawa sun ninka kuɗin rajista. Dokar ba ɗalibai rance, wadda aka sa wa hannu a 2023 aka sake ta a 2024, ta kafa asusun NELFUND, mai ba da bashi marar ruwa, wanda ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa. Rashin ruwan ya kawar da wani babban uzuri ga iyalan Musulmi. Amma rancen sai wanda ya riga ya sami gurbi, ba ya biyan kuɗin jarrabawar sakandare, ko fom ɗin JAMB, ko makarantar share fage. A nan ne kuwa ɗan talaka yake tsayawa.

7. Abin da Ya Rataya a Wuyan Kwalejoji

In aka jera hanyoyin nan za a ga kowace tana aiki a wani mataki. Rance yana taimakon wanda ya shiga. Kaso yana taimakon wanda ya iso ƙofa. Share fage yana taimakon wanda ya gama sakandare da rauni. Kowace kuma tana bukatar gyara: kaso ya auna makaranta da halin gida tare da jiha, share fage ya koma kyauta ga wanda ya fito daga makarantar gwamnati ta karkara. Amma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yawan 'ya'yan talakawan da za su tsaya bakin ƙofar jami'a bayan shekara goma sha biyu, a aji ɗaya da aji biyu na yau ake ƙayyade shi.

Tarihi ya riga ya yi gargaɗi a kan wannan. Sa'ad da aka ƙaddamar da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara sun cika azuzuwa fiye da yadda aka zata, aka horar da malamai cikin gaggawa, kuma an daɗe ana girbar abin da gaggawar ta shuka. Saboda haka aikin kwalejojin horon malamai da sassan nazarin Hausa a fili yake. Na ɗaya, kowane ɗalibi malami da zai koyar a ƙasar Hausa, ko lissafi ya karanta ko kimiyya, ya fita ya iya rubuta Hausa bisa ƙa'ida, ya kuma san yadda ake koya wa yaro haɗa baƙi da ita. Na biyu, a koya masa koyar da Turanci a matsayin baƙon harshe, da sanin inda ginin jimlarsa ya saɓa da na Hausa, a daina ɗauka cewa yaro zai tsince shi daga iska. Na uku, a rubuta ƙananan littattafan karatu da na kimiyya da Hausa, a daidaita kalmominsu, yadda Hukumar Talifi da NORLA suka yi a Zariya a zamaninsu da kayan aikin da ba su kai na yau ba. Na huɗu, a riƙa auna iya karatun yara a ƙarshen aji biyu da aji uku, da Hausa da Turanci, a adana sakamakon, don gardamar harshen koyarwa ta sami hujjar da za ta tsaya a kai.

Babu ɗaya cikin waɗannan huɗu da ke jiran sabuwar doka daga Abuja. Ayyuka ne da kowace kwaleji za ta iya somawa da malaman da take da su, a makarantun gwajin da ke maƙwabtaka da ita.